Sunan da Haladu Bai Faɗa Ba

Ni Abdurrahamane, mai gyaran rediyo da salula da kwamfuta a bakin kasuwar Tasawa, ba ni da yawan yabon mutane. Abokan sana'ata sun sani, matata ma ta sani. Amma in ana zancen kai, ban taɓa ganin irin na Malam Haladu mai tafireta ba. Ina da hannu a abin da ya same shi, shi ya sa na ga gara in rubuta da kaina kafin masu shayi su gama ɓata labarin.

A wani ƙauye na ƙasar Issawane aka haife shi. Ya yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko, kuma tun can malaminsu ya laƙaba masa suna Memwar, wato tunawa da Faransanci, don in aka karanta shafi sau ɗaya ya haddace ke nan. Farin 1974, shekarar da sojoji suka fara karɓe mulki, ya kwashe dabbobin ubansa kaf. Karatu ya tsaya. Ya gangara Mayahi ya zauna gindin wani tsoho mai buga wasiƙu har ya gaji injinsa. Shekara ashirin da biyar yana buga wa mata wasiƙa zuwa ga mazansu da ke ci-rani, bai taɓa tambayar mace adireshin mijinta sau biyu ba. Tafiretar kuwa da waya da magagari ya riƙe ta. In harafi ya karye ya sassaƙa wani, in wani ƙarfe ya ƙi shiga ya goge shi har ya shiga.

A yunwar 1984 matarsa Ladi ta haifi 'yarsu ta fari, Hindu. Kowa ya san yadda muke yi da ɗan fari: uba ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Wasu sun sassauta yanzu. Haladu bai sassauta ko kaɗan ba. In zai yi zancenta sai ya ce “waccan”, bayan ta yi aure kuma “ta gidan Isufu”. In ka tambaye shi 'ya'yansa nawa ne, ya ce huɗu, alhali biyar ne. Ni kaina shekara biyu na san shi da 'ya'ya huɗu.

Da ido ya fara rauni wasiƙa kuma ta mutu saboda salula, sai ya koma ƙauye. Ƙungiyar manoma da makiyaya ta garinsu ta naɗa shi sakatare, aka samo mata wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, kwance daga Turai, wato gwanjo, mai nauyin tsiya. Ni na je na haɗa ta da farantin hasken rana da batirin mota biyu, a nan muka saba. Cikin sati ɗaya ya iya ta, sai dai dukan maɓallan yake yi da ƙarfin tafireta, kana jin sa daga bakin rijiya. Na yi faɗa har na gaji.

Damanar 2009 ta yi gardama. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Kafin bazara mata sun koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana uku ana canza musu ruwa kafin su ciwu. Shanu suna faɗuwa a bakin rijiya ba mai ƙarfin ta da su. A watan Fabrairu na 2010 sojoji suka sake karɓe mulki a Yamai, daga nan ne muka fara jin kalmar yunwa a rediyo ƙarara, abin da cikinmu ya riga ya sani tun kaka. Motocin agaji suka fara shigowa.

Wata ƙungiyar agaji ta buɗe biro, wato ofis, a Tasawa. Ba zan kama sunanta ba, don ba ta yi laifin komai ba. Ƙa'idarta a fili take: kowane gari ya cike jadawalinta a kwamfuta, sunan mai gida, baki nawa, ƙananan yara nawa, a juye a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a ɗebi aiki, a kawo kafin ƙarfe biyar na wata Alhamis. Wanda sunansa ya shiga zai sami kati, katin kuma hatsi ne da wake da mai na wata uku. Wanda bai shiga ba, sai Allah.

Haladu ya bi gari gida-gida, har rugagen da ke kewaye. Bai riƙe takarda ba, don a ganinsa raini ne. Da safe ya yi yawo, da rana ya zauna ya buga daga kansa. Gida ɗari biyu da goma sha huɗu ya buga. Sai kwamfutar ta fara nauyi, in ya soka kile ta sandare sai an kashe ta. Ya hau tudun da ake samun layi a garinsu ya kira ni. Ina tsakiyar liƙa wata salula, mai ita na tsaye a kaina yana mita.

“Abdu, injin ga ya koma jaki. In na ce shi tahi sai shi tsaya shina tunani.”

“Memwar ce ta yi kaɗan, Baba. A sayo baret a ƙara.”

“Mi ne ne baret?”

“Wani ɗan falle ne kore, kamar mataji. Buɗe cikin ka gani, akwai ɗaya.”

Iyakar abin da na faɗa ke nan, na kashe waya. Ban ce masa baret iri-iri ba ce. Ban ce ya jira in zo ba. Har yau in na tuna hirar nan sai in ji haushin kaina.

Ya ba Tanko direba saƙo, mai zuwa Jibiya sayen kaya, ran Talata Tanko ya kawo. Baret tana da 'yar tsaga a gefen haƙoranta, ramin da take shiga kuma yana da ɗan tudu da zai faɗa tsagar. An yi haka ne don kada wani iri ya shiga ramin wani. Haladu ya zare tsohuwar, ya gwada sabuwar, tsaga ta kauce wa tudu kaɗan. Me kake tsammani daga mutumin da ya riƙe tafireta shekara ashirin da biyar? A ƙasarmu ba abin da ke zuwa daidai, na babur ko na famfo ko na injin niƙa, kai ne za ka sa shi ya yi daidai. Ya ɗauko magagarinsa ya faɗaɗa tsagar, aiki mai tsabta, na gani daga baya har na kusa yaba masa. Ya danna ta shiga, ya kunna.

Ƙauri ya tashi. Allo ya tsaya baƙi, injin ya riƙa wani dogon kuka yana yankewa yana sakewa. Ya zare sabuwar ya mai da tsohuwar inda take, kukan bai canza ba. Ran Laraba ya wuni a kan tudu ba layi. Ran Alhamis da sassafe ya hau babur ɗin haya, yashi ya riƙe su, taya ta fashe sau biyu. Ana kiran azahar ya shigo rumfata, leɓensa duk ya tsage.

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wani ƙulli, ya kwance ƙyalle, ya kwance takarda, ya ajiye tsohuwar baret a kan teburina a hankali.

“Ga su nan, Abdu, duka ɗari biyu da sha huɗu. Injin ya mutu, amma na cece su. Juye mani su cikin kile mu kai.”

Na dube shi, na dubi baret.

“Baba, ina injin?”

“Shina gida. Wa za ya ɗauko wannan kaya bisa babur? Memwar ɗin na ɗauko, ba ita ce mai riƙon abin ba?”

Da na iya ƙarya da na yi masa a ranar. Na ce masa baret ba ta riƙe komai. Faifai ce kawai da injin ke baza aiki a kai yana yi, ana kashe wuta an kakkaɓe ta. Sunayen suna cikin diski, wani ƙaramin akwatin ƙarfe, shi ne rumbun, kuma yana can ƙauye.

Sai ya ce: “To don mi kuka ce mata memwar, in ba ta tuna komi?”

 Zuwa ƙauye da dawowa sa'a takwas ne in hanya ta yi kyau, mu kuwa huɗu suka rage mana. Na zauna na riƙe kai ina zagin Tanko da Jibiya da wanda ya ƙera baret. Haladu ya naɗe abarsa ya mai da aljihu.

“Tashi ka raka ni biron.”

Mai karɓar sunaye wata budurwa ce 'yar Maraɗi, Maryamu, idonta ja wur don gajiya. Ta saurare mu ta girgiza kai.

“Baba, sai haƙuri. Listi cikin kile ake kawowa. Ƙarhe biyar mota za ta tahi da shi.”

“Ɗiyata, kina da yatsu?”

“Ina da su.”

“To ki buga, ni in hwaɗa.”

Ta dube ni ko tsohon lafiyarsa ƙalau. Na ce ta gwada shi da gida goma. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya rufe ido, ya fara daga rijiyar gabas.

“Mai Nasara ɗan Liman, baki tara, ƙanana ukku. Cha'ibu makaho, baki biyu, ba ƙarami. Hassana ta rugga, baki shidda, ƙanana biyu.”

Bai tsaya ba. Kana jin yadda yake tafiya cikin garin, ya shiga lungu, ya fito, ya zaga bayan masallaci, ya ƙetare zuwa rugage. Maryamu ta daina kallonsa, yatsunta kawai ke gudu. Masu jira a waje suka taru a taga. Sau ɗaya ya nemi ruwa. Ni da ba na yabo, na ji alfahari da shi kamar ubana.

Biyar saura kwata ya buɗe ido ya ce ya gama. Maryamu ta duba ƙasan jadawali.

“Ɗari biyu da sha ukku, Baba.”

“Da sha huɗu.”

“Sha ukku ke nan gabana.”

Ya sake rufe ido. Leɓensa na motsi, ya sake zaga garin tun daga rijiya. Direban motar biron ya danna oda a waje.

“Gidana na hwaɗa?”

“Ka hwaɗa, baki ukku.”

Ta ƙara masa minti goma da ba ta da ikon ƙarawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce akwai ɗaya, wallahi akwai ɗaya, yana jin sa a bakinsa. Maryamu ta ce wataƙila tun farko ne ƙirgen ya zarce, ni ma na ce haka don in kwantar masa da hankali. Ta buga mana kwafi a takarda, motar ta tafi.

Ran Juma'a na rufe rumfa na ɗauke shi a babur ɗina. Kafin a tafi masallaci na buɗe injin. Gyaran irin wannan ba tsafi ba ne, bi ake yi ɗaya bayan ɗaya. Na kunna na saurari kukan, dogo ne mai maimaituwa, ma'anarsa injin bai ga baret ba. Na shinshina, na haska tocila a ramin farko, na ga haƙora biyu sun ƙone sun yi baƙi. Wannan ramin ya tafi, shi ya sa tsohuwar ma ta ƙi aiki da ya mai da ta ciki. Amma akwai rami na biyu a gefensa da ba a taɓa sa masa komai ba. Na goge haƙoran tsohuwar baret da robar goge fensir har suka yi ƙyalli, na cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo na ƙirga talatin na mai da shi, na danna baret a rami na biyu sai da na ji ƙas. Na kunna. Ƙara ɗaya gajere, allo ya kawo haske.

Duka aikin bai kai minti ashirin ba. Na so in ɗaga injin in maka da ƙasa.

Na buɗe jadawalin. Ɗari biyu da goma sha huɗu, kamar yadda ya ce. Na ba shi takardar Maryamu ya riƙe, ni ina karantawa daga allo da ƙarfi, shi yana cewa “akwai”. Ladi ta shigo da kwanon ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. Muka wuce ɗari, muka wuce ɗari da talatin.

“Hindu Haladu, matar Isufu, baki biyar, ƙanana biyu.”

Bai ce “akwai” ba. Na ɗauka bai ji ba, na maimaita. Ya ajiye takardar a ƙasa. Ni da wautata na juya na tambayi Ladi wace ce wannan.

“Ta fari ce,” in ji ta, ta dire kwanon ruwan ta fita.

A lokacin na gane. Mijin Hindu ya tafi Libiya shekara biyu ba labari, ita ce mai gidan, ita da yara huɗu. Da Haladu ke bugawa shi kaɗai a ɗaki, yatsunsa sun buga sunan ba wahala, don bugawa ba faɗa ba ce. Da ya zo faɗa da baki a gaban jama'a, ya iso ƙofarta sau biyu, harshensa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da shida, ya tsallake ta ya wuce gida na gaba, shi kansa bai sani ba.

Ran Litinin ya koma biron da kile a hannu, na bi shi. Bai jira layi ba. Ya tsaya a tsakar gidan, cikin mutane, ya ɗaga murya.

“Hindu! Hindu Haladu, baki biyar! Ɗiyata ce, ta hwari. Hindu sunanta.”

Tsofaffin da ke zaune a inuwa suka sunkuyar da kai, don sun san abin da suke ji. Maryamu ta fito. Ta ce listi ya isa Yamai tun Asabar, da shi ake buga kati, da shi ake loda motoci, ba ta da hanyar taɓa shi. Ta rubuta sunan a jerin ƙari, na zagaye na biyu, ta ce wataƙila Agusta. Tana faɗa tana hawaye. Ya yi mata godiya ya sa hularsa.

Katin baki uku ya koma ciyar da baki takwas. Ladi ke ɗaukar kason ta kai gidan Hindu a rufe. Haladu ya ce yana azumin Litinin da Alhamis, daga baya azumin ya cinye sauran kwanakin. Hindu ba ta tambaye shi dalili ba, shi ma bai yi mata bayani ba, kunyar nan dai ta kowane gefe. Abin da ya fi ƙona shi mutanen gari ne. Suka ce ga adali, ya cire 'yarsa da gangan don kada a ce ya yi son kai. Har gida suke zuwa yi masa wannan yabon, shi kuwa ya zauna yana kallon ƙasa. Na ji wani yana faɗa a kasuwa, saura kaɗan in mare shi.

A watan Yuli autar Hindu, Safi, mai shekara ɗaya da rabi, ta kama zawo. Jikin ba abin da zai riƙe. Ta rasu a kan amalanke, ba su kai asibitin Mayahi ba. Ba zan ce katin ne zai hana ba, ba ni ke da rai ba. Amma na ga yaran gidajen da suka sami kati, na ga na Hindu, kuma ina da ido.

Haladu ya ƙara shekara uku a duniya. Ya ajiye sakatarci, bai sake taɓa kwamfuta ba, in aka kira shi Memwar ba ya amsawa. Ni kuma tun daga lokacin ban sake yi wa kowa gyara ta waya ba. A ce ina da girman kai, na yarda.

Katin Hindu ya fito a Agusta, kwana goma sha tara bayan an binne Safi. Maryamu ta kawo mini shi rumfa da kanta, na kai ƙauye. Haladu ya ce in raka shi, don ƙafarsa ba ƙarfi. Muka tsaya a ƙofar gidan, danga duk ta zube. Na ɗauka zai yi sallama ya aika yaro. Sai ya gyara murya.

“Hindu.”

Ta fito da gudu, ba mayafi, hannunta duk ƙullu. Ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba, ta ɗauka wani ne ya sake mutuwa.

“Baba, wa? Inna ce?”

“Ba kowa. Katinki ne ya zo.”

Ta goge hannu a zane, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yi lakwal ba, amma ta san lamba. Ta daɗe tana kallon katin.

“Biyar anka sa, Baba.”

“Na sani.”

“Mu huɗu ne yanzu.”